Me Ya Sa Mota Ke Mutuwa Da An Zo Tsayawa? Fashin Baƙi Kan Matsalar Silo

Mota tana tafiya lafiya lau a kan titi, tana hawan gada ko tari ba ta yi, amma da an iso danja ko shataletale, an ɗaga ƙafa daga totur an taka birki, sai allurar inji ta sulale ƙasa, motar ta yi karkarwa ta ɗauke. A murɗa makulli ta tashi nan take kamar ba abin da ya faru. Me ke kawo haka, kuma me ya sa ake ta canza mata kaya amma ba ta dainawa?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan magana ta ƙara yawa a majalisu da garejoji. Wani ya ce man yanzu ne ba shi da kyau, wani ya ce famfon mai ne ya gaji, wani kuma ya rantse kwamfutar motar ce ta ƙone. Kowanne na iya faruwa, amma a mafi yawan lokuta ba nan gizo ke saƙar ba. Motar da ke gudu da ƙarfinta sai a wajen tsayawa take mutuwa, kafin a zargi mai, iska ake fara tuhuma.

Mene ne silo, kuma me ya sa tsayawa ta fi gudu wahala ga inji?

Silo shi ne juyin da inji ke yi shi kaɗai ba a taka totur ba. A ƙananan motocin fetur, idan inji ya ɗau zafi, silo kan zauna tsakanin juyi 600 zuwa 800 a minti ɗaya. Da sanyin safiya yakan haura 1,000, wani lokaci har 1,500, sannan ya sauko a hankali. Wannan ba matsala ba ce.

Inji na buƙatar iska da fetur a kan ma'auni, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan an auna da nauyi. A kan gudu faifan totur, wato 'yar ƙofar da ke ba iska hanya zuwa cikin inji, a buɗe yake, iska na kwarara da yawa, don haka ko an samu ɗan kuskure ba ya nunawa. Da ka ɗaga ƙafa faifan ya rufe, sai ya zama iskar da inji ke rayuwa a kanta 'yar kaɗan ce, ta wata siririyar hanya take bi. A motocin injekta ma akwai ƙari: idan ka saki totur mota na gangarawa a cikin giya, kwamfuta na yanke fetur gaba ɗaya don tanadi, sai juyin inji ya sauko kusa da silo take maido shi. A daidai wannan gaɓar, cikin ƙasa da daƙiƙa guda, dole iska da mai da wuta su haɗu daidai.

Kuma a lokacin ne kaya suka fi yi wa inji nauyi. Esi na ja, fankar lagireto ta tashi saboda ba iskar hanya, altaneta na juyi a hankali alhali fitilu na cin wuta, idan ana karya kwana famfon sitiyari ma na ja, ga bustar birki, mai sauƙaƙa taka birki, da inji ke zuƙe iskar cikinta. Ƙarfi ya yi ƙasa, nauyi ya yi sama. Duk wata 'yar lalura da gudu ke ɓoyewa, a nan take bayyana.

Kafin a ɗauki sifana: yaushe take mutuwa?

Rabin aikin yana hannun mai mota, domin shi ne ke ciki lokacin da abin ke faruwa. Zuwa gareji a ce "tana mutuwa" kawai, shi ke buɗe ƙofar lalube. A lura da waɗannan: da sanyi take yi ko sai ta ɗau zafi? Idan an kashe esi tana dainawa? Allura a hankali take sauka tana hawa da sauka, ko ɗif take ɗaukewa kamar an zare makulli? Idan ta mutu nan take take tashi, ko sai ta huta? Tana yi a tsaye a firi, ko sai an taho da gudu an tsaya? An taɓa batir, an wanke inji, ko an sha mai a wani sabon wuri kafin abin ya fara?

Kowace amsa hanya ce. Mutuwa a hankali da karkarwa, iska ce ko mai. Ɗaukewa ɗif, wuta ce ko sensa. Mutuwa da fizga kamar an manta ba a taka kuloci ba, giyabos ne.

Sai a jona ta da na'urar gwaji, wadda ke fitar da lambobin matsala daga kwamfutar motar. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, duk suna da soket mai ramuka 16 da ake jona na'urar, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0505 ko P0506 na nuni ga tsarin silo, P0171 na cewa iska ta rinjayi mai, P0101 ma'aunin iskar da ke shiga inji, P0300 fashin wuta a silinda, P0335 sensar kiranshaf. Amma lamba unguwa take nunawa, ba gida ba. P0171 ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba, cewa ta yi a nemo dalilin da ya sa cakuɗin ya tsinke. Kuma kada a yarda a goge lambobin kafin a rubuta su.

Maƙogwaron totur da bawul ɗin silo

Nan ne ya kamata a fara, domin nan aka fi samun mai laifi, kuma gyaransa ya fi kowanne araha.

A kwance babban tiyon da ya taso daga gidan filtar iska, a haska tocila cikin maƙogwaron totur, wanda wasu masu gyara ke ce wa bakin injekta. A motar da ta daɗe ba a wanke ba, za a ga wani baƙin zobe mai danƙo ya zagaye daidai inda gefen faifan ke kwanciya, kamar baƙin gindin tukunya da aka shafa wa mai. Tururin baƙin mai ne da ke dawowa daga inji ya haɗu da ƙura. A ƙasarmu, inda hunturu ke cika iska da ƙura wata da watanni, kuma ake kaɗe filta a mayar maimakon a canza, wannan zobe na saurin taruwa. Kaurinsa bai kai farce ba, amma ramin da iskar silo ke bi ma ai bai fi haka ba.

Motoci iri biyu ne a nan. Masu totur na waya, irin su Corolla ta 2003 da 2004 da tsofaffin Honda, suna da bawul ɗin silo a manne da maƙogwaron, wanda kwamfuta ke buɗewa da rufewa don ba iska hanyar kewaye. A Peugeot 406, wadda aka haɗa da yawa a Kaduna, wata 'yar ƙaramar na'urar lantarki ce mai tsinin kai ke wannan aiki, kuma ta yi suna wajen maƙalewa. Idan datti ya riƙe bawul ɗin, ba ya buɗewa da sauri lokacin da ka saki totur, sai inji ya shaƙe. Sababbin motoci kuwa, kamar Corolla daga 2005, ba su da wannan bawul. Kwamfuta ce ke ɗan buɗe faifan da kanta.

Yadda ake wankin: inji a sanyaye, makulli a zare. A fesa maganin wankin totur a jikin tsumma mai tsabta, ba cikin ramin kai tsaye ba, a goge gaba da bayan faifan da bangon da ke kewaye har ƙarfe ya fito fes. Idan mai bawul ce, a kwance shi, a wanke tsinin da ramin da yake zama, a bar shi ya bushe, a sa sabon gasket idan tsohon ya yage. Idan totur na lantarki ne, kada a danna faifan da ƙarfi, kada a sa yatsa ciki makulli na kunne domin yana iya datsewa, kuma kada magani ya gangara ɓangaren da na'urar da ke juya faifan da sensarsa suke. Kankarewa da sukundireba ko goga da samfefa ɓarna ce, tana cinye bangon, silo ya lalace har abada.

Akwai matakin da ake yawan tsallakewa. Kwamfuta ta saba da dattin, ta daɗe tana ƙara buɗe hanya don ta rama. Bayan wanki, ko bayan an cire kan batir, sai ta sake koyo. Wasu motocin sukan daidaita da kansu idan aka bar su a silo kamar minti goma bayan sun ɗau zafi, esi da fitilu a kashe, sannan a ɗan zaga da su. Wasu, musamman Nissan da Volkswagen, sun fi son a yi musu da na'ura. Shi ya sa za ka ji an ce "daga canza batir ta fara mutuwa": batir bai ɓata komai ba, ƙwaƙwalwar ce ta goge, dattin da take rufa wa asiri ya tonu.

Abin da bai kamata a yarda da shi ba ko kusa shi ne a ɗaure wayar totur ko a murɗa sukurun da faifan ke tsayawa a kai don silo ya hau. Motar za ta daina mutuwa, gaskiya ne, amma za ta riƙa shan mai fiye da ƙima, otomatik ta riƙa buga giya da ƙarfi tana jan mutum a cunkoso, kuma ciwon na nan yana ci.

Iskar ɓarauniyar hanya

Kwamfuta na ba da fetur ne gwargwadon iskar da ma'aunin iska ya ƙirga. Duk iskar da ta shiga ta bayansa ba a lissafa da ita ba. A kan gudu ba ta da tasiri, a silo kuwa tana iya kashe inji.

A cire babban tiyon nan mai kama da zugazugi, a lanƙwasa shi a hannu a duba cikin lungunansa, musamman ta ƙasa. Tsagar takan ɓuya a cikin ninki, ba ta buɗewa sai inji ya motsa, wato daidai lokacin da aka taka birki ko aka sa giya. A bi ƙananan tiyoyi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda zafi ya busar sukan fashe a baki. A injin 1ZZ na Corolla ta 2003 zuwa 2008, gasket ɗin manifol, wato bututun da ke rarraba iska ga silindoji, ya shahara da yoyon iska, kuma ya fi nunawa da sanyin safiya.

Mai na'ura zai iya tabbatarwa ba tare da ya kwance komai ba. Akwai adadin da ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa. Idan bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, lafiya. Idan a silo ya haura sosai, amma da an riƙe inji a juyi 2,500 sai ya sauko, yoyon iska ne. Idan kuma sai an ba ta wuta yake ƙaruwa, to mai ne ba ya isa, ko ma'aunin iska na ƙarya. Wannan gwaji na minti biyu ya raba gardamar da ake kwana ana yi. Hura hayaƙi cikin manifol shi ne hanya mafi aminci ta gano ramin. Fesa maganin kafireta a gaɓoɓi a saurari canjin sauti ma na aiki, amma abu ne mai kama wuta, ba a yinsa kusa da salansa mai zafi.

Bustar birki, baƙar tukunyar nan da ke bayan gwangwanin man birki, tana da nata gwajin. A kashe inji, a taka birki sau biyar har ya yi tauri, a riƙe, a tayar da mota. Ya kamata feda ya ɗan nutse. Idan bai nutse ba, ko kuma duk lokacin da aka taka birki a tsaye ana jin huci a ƙarƙashin sitiyari silo na faɗuwa, robar cikinta ta yage. Wannan ba a jinkirta shi, domin birki ne.

Shi kansa ma'aunin iskar siririyar waya ce mai zafi. Ƙura ta lulluɓe ta, lissafi ya karkace. Da maganinsa na musamman ake fesa ta, ba a taɓa ta da komai, a bar ta minti goma sha biyar ta bushe. Bawul ɗin EGR, mai maido da ɗan hayaƙi cikin inji, a rufe ya kamata ya kasance a silo. Idan gawayi ya tokare shi a buɗe, inji zai shaƙi hayaƙinsa ya mutu. Idan kuwa sai an fito daga gidan mai take yi, a duba bawul ɗin tururin tanki, kuma a daina girgiza mota ana ɗura mai bayan famfo ya tsaya da kansa.

To ina maganar mai da famfo?

Gurɓataccen mai gaskiya ne. An gani a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima ya lalata motoci a Legas da Abuja. Man 'yan bumburutu ma yakan zo da ruwa ko gauraye. Alamarsa ita ce abin ya fara kwatsam bayan shan mai, kuma motar ba ta da daɗi a kowane gudu. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa.

Famfon da ya gaji kuwa, a inda ake buƙatar mai da yawa yake fara kasawa: hawan tudu, wuce babbar mota, ɗaukar kaya. Motar da ke cinye hanyar Kano zuwa Zariya ba gargada, sai a danja take mutuwa, da wuya famfonta ne. Kada a canza shi da ka, a auna. Yawancin motocin injekta na gama-gari na aiki da matsin da ke kusa da 3 a ma'aunin matsi na "bar", kowace da adadin da kamfaninta ya rubuta. Yawo da tanki a ƙasa, wanda tsadar mai ta mayar al'ada, yana rage wa famfo kwana domin fetur ne ke sanyaya shi, kuma idan mai ya yi ƙasa sosai birki mai ƙarfi na iya kwashe shi gefe famfo ya zuƙi iska.

A masu kafireta, irin su 504 da tsofaffin bas, ƙaramin jet ɗin silo ne ke toshewa. A kwance a hura shi da iska, kada a zura masa waya. A duba kuma 'yar na'urar lantarkin da ke rufe hanyar silo idan an kashe mota. Idan wayarta ta cire, motar za ta yi gudu amma ba za ta taɓa tsayawa a silo ba.

Waɗanda suka mayar da motarsu gas suna da gwaji a hannu: a juya ta kan fetur. Idan ta daina, matsalar na wajen gas, ko saitin da aka yi wa kwamfutarsa, ko filtarsa, ko na'urar rage matsi. Gas ya fi fetur wahalar kunnawa, don haka fulogin da ke lallaɓawa a fetur yakan kasa a gas.

Wuta, zafi da giyabos

Batir lafiyayye a kashe yana nuna kusan bolt 12.6, inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Idan a silo, fitilu da esi a kunne, ya faɗo ƙasa da 13 yana ci gaba da sauka, a duba altaneta da fambel. Kan batir mai girgiɗi ko wayar as, mai haɗa batir da jikin mota, da ta yi tsatsa na iya yanke wuta daidai lokacin da birki ya tunkuɗa komai gaba. Fulogi da kwayil kan kawo karkarwa kafin mutuwa, kuma jabun fulogi sun cika kasuwa.

Sensar kiranshaf halinta daban ne: sai inji ya yi zafi take ɗaukewa ɗif, motar ta ƙi tashi sai ta huce minti ashirin ko talatin.

Cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da haɗa fanka kai tsaye, da ake yi wa motocin da aka shigo da su da sunan wai an yi su ne don ƙasar sanyi, kuskure ne da ke da hannu a nan. Inji ba ya kai zafin aikinsa na kusan digiri 90, kwamfuta na ci gaba da zuba mai kamar da asuba, fulogi na yin baƙi, gawayi na taruwa, silo na lalacewa.

A otomatik akwai wani kuloci cikin kombata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos, da ke kamawa a kan gudu ya saki idan za a tsaya. Idan ya maƙale, motar za ta yi fizga ta mutu tamkar manuwal da aka tsayar a giya. Yawanci bayan doguwar tafiya yake yi, ta tashi a N lafiya, da an sa D ta sake mutuwa. Lambarsa P0742. Sau da yawa bawul ɗin lantarkinsa ne ko man giya da ya ƙone, ba sai an sauke giyabos gaba ɗaya ba. A manuwal kuma, kulocin da ba ya saki sosai na jan inji ƙasa, alamarsa giya ɗaya da ribas na wuyar shiga.

Idan duk an bi waɗannan ba a samu ba, sai a auna matsin silinda, a duba tazarar bawuloli da saitin tayimin. Kwamfutar mota ita ce ta ƙarshe a layin zargi, ba ta farko ba.

Idan ta mutu ana cikin tafiya

Da inji ya ɗauke sitiyari zai yi nauyi, amma yana juyawa, sai dai a sa ƙarfi. Birki na da sauran taimako na taki ɗaya ko biyu, don haka a taka sau ɗaya a riƙe, kada a yi ta famfo, kowane taki na ƙarar da abin da ya rage. Kada a mayar da makulli baya har ƙarshe, sitiyari zai iya kullewa. A kunna fitilun gargaɗi, a mayar da giya N ko a taka kuloci, a sake tayarwa. Kafin a kai ta gareji a kashe esi, a bar tazara mai yawa tsakani da motar gaba, a guji manyan mahaɗu a lokacin cunkoso. A gareji kuma a nemi a ga lambobin da na'ura ta fitar da ido, a tambayi abin da aka auna kafin a biya kuɗin kowane kaya, a karɓi tsohon da aka cire, sannan a zaga da makaniken har inji ya ɗau zafi, a tsaya sau da yawa esi da fitilu a kunne, a ga inda allura ta zauna.